BAYANI: Abin da ke sa Wi-Fi ɓacewa daga kwamfuta bayan an sauya babbar manhaja, da yadda ake dawo da shi

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da sabuntawar tsaro ta kyauta ga Windows 10, manhajar da ta shafe shekara 10 tana tafiyar da kwamfutoci tun fitowarta a watan Yulin 2015. Kamfanin ya buɗe wani shiri na ƙarin wa'adi ga ɗaiɗaikun mutane zuwa Oktoban 2026, amma hukuncin bai sauya ba: zamanin Windows 10 ya zo ƙarshe.

Wannan mataki ya shafi cikin birnin Kano kai-tsaye. Da yawa daga kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu, daga Ƙofar Mata zuwa Mandawari, daga Yakasai zuwa Gwale da Dala, na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, aka saye su a Titin Beirut ko a kasuwar Farm Centre da ke wajen ganuwa. Irinsu HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda aka ƙera a wajajen 2016, har yanzu suna aiki garau, amma ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Sabuwar manhajar, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman ƙwaƙwalwar Intel ta ƙarni na 8 zuwa sama ko makamanciyarta, da guntun tsaro na TPM 2.0.

Saboda haka masu irin waɗannan kwamfutoci sukan ɗauki ɗaya daga hanyoyi uku: su sake ɗora Windows 10 su ci gaba da lallaɓawa, su tilasta wa kwamfutar karɓar Windows 11, ko su koma Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint. Kowace hanya aka bi, akwai ƙorafi guda da yakan biyo baya: an gama ɗora manhaja, allo ya buɗe tsaf, amma alamar Wi-Fi babu ita.

Ga ɗalibin da ke da aikin makaranta da za a tura ta intanet, ko mai shagon da ke cike wa mutane fom, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Akwai waɗanda sukan biya kuɗin sabon kati ba tare da tsohon ya lalace ba, akwai kuma masu sayar da kwamfutar da araha bisa zaton ta mutu. A mafi yawan lokuta babu abin da ya ƙone.

Me ke faruwa a cikin kwamfutar?

Wi-Fi ba daga manhaja yake fitowa ba. A cikin kowace kwamfutar tafi-da-gidanka akwai ɗan ƙaramin kati wanda bai fi girman layin waya uku ko huɗu ba, shi ne ke aikawa da karɓar saƙo ta iska. Wayoyi biyu sirara, galibi baƙa da fara, suna tashi daga jikinsa su bi ta maganaɗin murfi zuwa eriyar da ke ɓoye a gefen allo.

Kamfanin da ya ƙera kwamfutar ba shi ke ƙera wannan kati ba. HP da Dell da Lenovo suna saye ne daga wasu 'yan kamfanoni: Intel, Realtek, Broadcom, Qualcomm Atheros da MediaTek. Shi ya sa kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya kan zo da kati daban-daban, ɗaya ta kama Wi-Fi nan take, ɗaya ta ƙi.

Babbar manhaja ba ta jin yaren katin. Tana buƙatar wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda aikinta tamkar na tafinta ne tsakanin su biyun. Direban da aka rubuta wa Windows ba ya aiki a Linux, wanda aka rubuta wa Windows 10 kuma ba lallai ya yi aiki a Windows 7 ba. Idan aka yi wa kwamfuta fomatin, tafintan yana tafiya tare da tsohuwar manhaja. Katin yana nan lafiya lau, sai dai babu mai isar masa da umarni.

Kati da yawa suna buƙatar abu na biyu: wani ɗan fayil da ake loda wa katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Kamfanoni sukan riƙe sirrin wannan fayil, abin da ya sa wasu nau'o'in Linux suka daɗe ba sa haɗa shi a faifan ɗorawarsu. Debian, wadda aka gina Ubuntu a kanta, ba ta fara saka irin waɗannan fayiloli a faifanta na hukuma ba sai da Debian 12 ta fito a watan Yunin 2023.

A fara da abu mai sauƙi

Kafin a zargi direba, ya kamata a tabbatar ba kashe Wi-Fi ɗin aka yi ba. Tsofaffin ThinkPad da Latitude suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba wanda ake turawa, kuma yakan goce da kansa a cikin jaka. Tsofaffin EliteBook suna da maɓalli a saman madannai mai fitila: idan ta nuna ruwan goro, Wi-Fi a kashe yake. A wasu kwamfutocin ana haɗa maɓallin Fn da ɗaya daga maɓallan saman layi mai hoton eriya ko jirgin sama. Akwai kuma wurin kashe katin gaba ɗaya a cikin saitin BIOS, wanda kamfanonin da suka fara amfani da kwamfutar a ƙasashen waje kan taɓa.

A Linux, umarnin rfkill list da ake rubutawa a Terminal yana fayyace lamarin. Idan ya nuna Soft blocked: yes, manhaja ce ta toshe, kuma umarnin rfkill unblock all zai buɗe. Idan ya nuna Hard blocked: yes, galibi makunni ne ko BIOS.

Sanin sunan katin

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin gyaran. Neman direba da sunan kwamfuta kawai yakan kai mutum ga jerin direbobi huɗu ko biyar, bai san nasa ba.

A Windows, ana buɗe Device Manager. Katin da ba shi da direba yakan bayyana a ƙarƙashin Other devices da sunan Network Controller, ɗauke da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Idan aka shiga Properties, sannan Details, aka zaɓi Hardware Ids, za a ga layi mai ɗauke da VEN da DEV. Lambar da ke bin VEN ita ce ta kamfani: 8086 Intel ne, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom, 168C Qualcomm Atheros, 14C3 kuma MediaTek. Lambar da ke bin DEV ita ce ta ainihin samfurin katin.

A Linux, umarnin lspci -nnk yana jera na'urorin cikin kwamfuta da waɗannan lambobi, tare da sunan direban da ke riƙe da kowace. Idan layin katin Wi-Fi ba shi da direba a ƙarƙashinsa, an gano cutar. Wasu ƙananan kwamfutoci suna haɗa katin ta hanyar USB a ciki, su kuma umarnin lsusb ne ke nuna su.

Idan katin bai bayyana ko kaɗan ba a waɗannan jerin, alhali BIOS bai kashe shi ba, a nan ne kawai ake fara tunanin ya zame daga mazauninsa ko ya lalace.

Yadda ake samun intanet ba tare da Wi-Fi ba

Babban tarnaƙin shi ne ana buƙatar intanet kafin a sauke direban da zai kawo intanet. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mafitar tana cikin aljihun kusan kowa.

Idan aka jona wayar Android da kwamfuta ta kebul, aka shiga saitin raba data aka kunna USB tethering, kwamfutar za ta ɗauki wayar tamkar layin intanet na waya. Windows 10 da Windows 11 da manyan nau'o'in Linux duk suna gane wannan ba tare da ƙarin direba ba. Sharaɗin shi ne kebul ɗin ya kasance mai ɗaukar bayanai, domin wasu masu arahar da ake sayarwa a bakin titi caji kawai suke yi. Na'urorin MiFi da yawa ma suna aiki ta kebul haka.

Hanya ta biyu ita ce kebul ɗin intanet na Ethernet, idan kwamfutar tana da ƙofarsa kuma akwai rawuta kusa. Ta uku ita ce a sauke direban a waya ko a wata kwamfutar, a kwafo shi a filasha.

Akwai abin kiyayewa game da data. Da zarar sabuwar Windows ta ga intanet, takan fara jan sabuntawa mai nauyin gigabayit da dama. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan ba abin wasa ba ne. Kunna Metered connection a saitin layin yana rage wannan ɓarna, ko da yake yakan hana saukar direbobi da kansu, don haka sai a nemo direban da hannu. Direban Wi-Fi shi kaɗai ba shi da nauyi idan aka kwatanta da sabunta manhaja gaba ɗaya.

Idan Windows aka ɗora

Wuri mafi aminci na samun direba shi ne shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, inda ake saka lambar da ke manne a ƙasanta, ko shafin kamfanin katin, kamar na Intel. Windows Update ma yakan kawo shi, wani lokaci a ƙarƙashin Optional updates. Shafukan da ke tallar manhajar da za ta gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya sanannun hanyoyi ne na shigar miyagun manhajoji, kuma kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita ba wurin gwaji ba ce.

Windows 11 tana da nata tarkon: tana neman a haɗa ta da intanet tun kafin a gama ɗorawa. Idan faifan ba ya ɗauke da direban katin, aikin yakan tsaya cak a wannan shafi. Jona waya ta kebul yana warware shi.

Masu komawa baya zuwa Windows 7, wadda aka daina tallafa wa tun 14 ga Janairun 2020, su ne suka fi shan wahala. Sababbin katuna irin su Intel AX200 ba a taɓa rubuta musu direban Windows 7 ba. A nan babu dabarar da za ta sa irin wannan kati ya yi aiki sai dai a sauya manhajar.

Idan direba ya hau amma jerin layuka bai fito ba, sai a duba ko hidimar WLAN AutoConfig tana aiki. Kwafin Windows da aka yi wa kwaskwarima don ya yi sauƙi, irin wanda ke yawo a filasha daga hannu zuwa hannu, yakan zo an cire masa direbobi ko an kashe masa wasu hidimomi.

Idan Linux aka ɗora

A Linux, yawancin direbobi suna cikin zuciyar manhajar, wadda ake kira kanel, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Abin da wannan ke nufi shi ne katin da kanel ya sani yana aiki tun daga minti na farko, wanda bai sani ba kuma sai an nemo masa.

Katunan Intel su ne mafi sauƙi, direbansu mai suna iwlwifi yana cikin kanel. Wannan albishir ne ga masu EliteBook da Latitude da ThinkPad, domin kwamfutocin ofis galibi da katin Intel suke zuwa. Tsofaffin katunan Atheros ma ba su cika ba da matsala ba.

Broadcom ne ya fi yin suna wajen wahalarwa. Katuna irin su BCM43142, da ke cikin wasu kwamfutocin gida na HP da Dell da Lenovo, da BCM4360 da ke cikin MacBook Air na 2013 zuwa 2017, suna buƙatar direban kamfanin, wanda ba a buɗe sirrinsa ba. A Ubuntu ana samun sa a Additional Drivers, a Linux Mint kuma a Driver Manager, wanda zai iya ɗauko shi daga filashar da aka ɗora manhajar da ita ko da babu intanet.

Realtek kuwa ya danganta da shekarar kanel. Katin RTL8821CE, wanda ke cikin HP masu araha da yawa, bai samu shiga kanel ba sai a fitowa ta 5.9 a 2020. Na MediaTek MT7921 ya shiga a 5.12 a 2021. Wanda ya ɗora tsohuwar Ubuntu daga filashar da ta shekara biyar a aljihun tebur zai rasa Wi-Fi, alhali Ubuntu 24.04 ta Afrilun 2024 za ta gane katin nan take. Sau da yawa sabon faifai shi ne dukkan maganin.

Abu biyu sukan rikita wanda ya yi komai daidai. Na farko Secure Boot, tsarin da ke hana loda direban da ba a sa masa hannu ba. Bayan ɗora direban Broadcom, kwamfuta kan nuna shuɗin allo mai neman a yi Enroll MOK da kalmar sirrin da aka zaɓa. Wanda ya tsallake wannan allo, direbansa ba zai tashi ba. Wasu sukan kashe Secure Boot ɗin gaba ɗaya, amma idan akwai Windows a gefe mai kulle da BitLocker, yin haka zai iya sa ta nemi mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda dole a tanade shi tukuna.

Na biyu ya shafi masu riƙe Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Tun daga Windows 8 akwai tsarin Fast Startup, wanda ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, sai ya bar ta cikin wani irin barci. Katin Wi-Fi kan kasance a riƙe, Linux ta zo ta same shi ba ya amsawa. Kashe Fast Startup a saitin wuta na Windows yana kawar da wannan.

Direba ya hau, amma ba a ganin layin gida

Wani lokaci kwamfuta tana ganin layukan maƙwabta amma ba ta ganin na gidan. Wi-Fi yana tafiya a zango biyu manya: 2.4 GHz da 5 GHz. Katuna masu araha da tsofaffi da yawa na farkon kawai suke ji. Idan waya ko rawuta tana watsawa a zangon 5 GHz, kwamfutar ba za ta san da ita ba sam. Mayar da saitin zuwa 2.4 GHz ya wadatar. Haka nan tsarin kulle na WPA3, wanda aka fitar a 2018, yakan gagari tsofaffin katuna, sai an mayar da shi WPA2.

Ginin cikin birni ma yana da tasirinsa. Zangon 5 GHz ya fi sauri, amma ya fi rauni wajen ratsa bango. A gidan da aka gina da tubalin ƙasa mai kauri, inda sai an wuce zaure da soro da tsakar gida kafin a kai ɗaki, rawutar da aka ajiye a shagon ƙofar gida ba lallai ta kai ciki ba. Rufin kwano da ƙofofin ƙarfe suna ƙara tare ta. Ɗora na'urar a wuri mai tsayi kusa da taga, da zaɓar zangon 2.4 GHz, ya fi sake fomatin amfani.

Idan kuma kwamfuta ba ta kama layi sai an manna mata waya a jiki, a tuhumi wayoyin eriya. Sukan fita daga maɓallinsu idan an buɗe kwamfuta don kakkaɓe ƙurar hunturu ko sauya faifai, kuma sau da yawa a rana ɗaya ake yin wannan aiki da sauya manhaja, sai laifin ya hau kan manhajar.

Akwai kuma kwamfutar da ke haɗuwa da layi amma shafuka su ƙi buɗewa, suna gargaɗin tsaro. A duba kwanan wata. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon ciki ya mutu, kwamfuta kan koma wata tsohuwar shekara, shafukan intanet kuma su ƙi yarda da ita.

Yaushe ake sayen sabon kati?

Sai an bi duk waɗannan matakai. Idan ta tabbata katin ya mutu, ko babu direbansa a manhajar da ake so, hanya mafi sauƙi ita ce ɗan katin Wi-Fi na waje da ake sokawa a ƙofar USB. Shi ma yana da guntu a ciki da ke buƙatar direba, kuma samfuri ɗaya kan sauya guntu daga fitowa zuwa fitowa, don haka mai Linux ya je kasuwa da kwamfutarsa a gwada a gabansa.

Sauya katin ciki yana yiwuwa, amma da sharaɗi biyu. Mazaunin katin iri biyu ne, tsohon Mini PCIe da sabon M.2, kuma ba sa shiga na juna. Sannan tsofaffin ThinkPad da wasu HP suna da jerin katunan da BIOS ya yarda da su kaɗai. Idan aka saka wani daban, kwamfutar za ta ƙi tashi, ThinkPad ta nuna kuskure mai lamba 1802. A wasu sababbin kwamfutoci sirara kuwa katin a like yake da babban allon ciki, ba ya ciruwa.

Abin da ya kamata a yi kafin fomatin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wahalar da aka lissafa a sama ana iya kauce mata da aikin minti 15 tun tsohuwar manhaja tana raye.

A buɗe Device Manager a rubuta sunan katin a takarda. A sauke direbansa na manhajar da za a koma, a ajiye a filasha. Mai sake ɗora Windows zai iya kwashe dukkan direbobin kwamfutarsa zuwa filasha da umarnin pnputil /export-driver, ya mayar da su daga baya ba tare da ya kashe data ba. Mai komawa Linux kuma yana da damar da Windows ba ta bayarwa: Ubuntu da Linux Mint suna tashi daga filasha a gwada su ba tare da an taɓa faifan kwamfuta ba. Idan Wi-Fi ya kama a wannan gwaji, alama ce mai ƙarfi cewa zai kama bayan an ɗora. Idan bai kama ba, an san abin da za a tanada.

Wanda kuma zai kai wa mai gyara, kada ya karɓi kwamfutarsa sai ya kunna Hotspot na wayarsa a nan cikin shagon, ya ga ta haɗu, ya buɗe shafi ɗaya ko biyu, sannan ya kashe ta gaba ɗaya ya sake kunnawa ya ga Wi-Fi ɗin ya dawo. Idan aka ce masa kati ya mutu, yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa Device Manager ko sakamakon lspci kafin ya biya kuɗin sabo.